Ƙamshin Turarena a Mayafin Wata

Alhamis, bayan isha'i

Na dawo daga suna a Maigatari raina a jagule. Ina zaune cikin mata sai wata ta gifta, ƙamshin mayafinta ya daki hancina. Wallahi turaren wutana ne. Haɗin da marigayiya Inna ta koya min, wanda ake jiƙa kajiji a ruwan ɓawon lemo kafin a ɗora a wuta. Ban taɓa sayar da shi ba, don sha'awa kawai nake yi.

Na tambayi matar inda ta samo. Ta ce, "Wajen Maman Hanifa ta Gumel na saya, ai ita kaɗai ta iya shi."

Maman Hanifa, aminiyata tun muna 'yan mata! Sai yanzu nake tuna cewa duk ranar da zan haɗa turare sai ta faɗo gidan nan, wai kewata take yi. Ta karɓe ludayi ta ce, "Kawo in juya miki, Maman Sadiƙu, ki huta." Ni kuwa sakarya ina ta zuba kaya a gabanta.

Na gaya wa Baban Sadiƙu, ya ce kada in ɓata zumunci a kan hayaƙi, wataƙila kama ce kawai. Wataƙila.

Ɗazu ta kira, wai yaushe zan sake haɗi ta zo ta taya ni. Na ce Asabar. Na yarda in yi asarar kasko ɗaya: zan barbaɗa daddawa a gabanta, in ce ita ce sirrin da Inna ta hana ni faɗa. Suna na gaba, zan bi mayafan Maigatari ina shinshinawa.