Shatin Yatsu a Dantsena

Daren Juma'a, Aziziyya

Likitan wurin aikinmu ya ce jikina na buƙatar rana, tunda kullum daga asibiti sai mota sai ɗaki. Rima, abokiyar aikina da ke zuwa bakin teku musamman don fatarta ta yi duhu, ta ce in jira ranar da gajimare ya yi shara-shara, iska na kaɗowa daga teku. Wai rana na ratsa gajimare ta kama fata, mutum bai ko ji zafi ba.

Haka garin ya wayi yau. Zan hau rufin bene da tabarmata, na haɗu da tsohuwar maƙwabciyata Hajiya Ummi a matakala. Ta ce, "Ya binti, 'yata, ko ki shiga rana duka, ko inuwa duka. Tsakaninsu mazaunin wasu ne." Na yi dariya, na hau, na kulle ƙofar rufin da kaina, na kwanta gefen tankin ruwa. Barci ya sace ni har la'asar. Na farka rabin jikina a inuwar tanki.

Rima ta yi gaskiya. Ɗazu a madubi na ga dantsena na dama ya yi duhu sosai, ban da wuri ɗaya da rana ba ta taɓa ba: shatin yatsu huɗu, kamar an dafa ni tun azahar ba a ɗaga ba.

Na yi addu'a, na bar fitila a kunne, sannan na ɗora yatsuna a kan shatin. Waɗancan sun fi nawa tsawo.