Fitilar da Ke Bayan Wuyan Rigar Baba

Durumi, Abuja.

Zuwa ga Yaya Tawfiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali, ya kuma kare ku a ƙasar mutane. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Inna Asibi ta yi sauƙi, damina kuma ta zauna sosai.

Maganar keken Baba ce. Ka tuna tun ranar da tifa ta kusa kwashe shi a hanyar Jiwa muka yanke cewa in dai direbobi ba sa ganinsa, karɓe keken za mu yi ko da zai yi fushi da mu. To jar fitilar baya da ka aiko ta iso, mai gyara ya ɗaura ta ƙarƙashin sirdi, amma a banza. Ka san Baba ba ya hawa sai da babbar riga, yana zama rigar ta zubo ta lulluɓe fitilar ruf. Haka ya yi ta yawo yana haska cikin rigarsa, yana yabon kayan Turai. Na ce ya riƙa sa 'yar shara, ya ce shi ba zai shiga mutane kamar ɗan ƙwallo ba. Inna kuwa allura ta ɗauko ta ɗinka ɗan madauki a bayan wuyan rigar, ta maƙala fitilar a nan.

Jiya da magariba na hau tasi zuwa Jiwa wajen su Baba, niyyata in taho da keken, don ban yarda dabarar Inna za ta yi aiki ba. Ana ruwa, gari ya rufe, ko gefen titi ba a gani sosai. Can nesa na hango wani ɗigon ja yana ƙiftawa, sama da inda fitilar babur ke zama. Yaya, abin da bai kai goro girma ba, amma ya huda ruwan da duhun ya iso idonmu tar. Wallahi nan take na gane fitilar bayan wuyan rigar Baba ce. Direban, wani Zacharias, bai san ni ba balle Baba, amma tun ba mu ga ƙarfen keke ba ya ɗaga ƙafa, ya ce, "Madam, akwai mutum a wurin nan." Motocin bayanmu suka bi sahu, kowa ya kauce ya ba shi hanya. Muka wuce shi yana tuƙi a natse, bai ma san jerin motocin da suka rage gudu dominsa ba. Na so in ce mahaifina ne, hawaye suka hana ni.

Ni dai na janye, Yaya. Hannu rabbana na koma Durumi, keken yana jingine a zaure, gobe ma zai hau abinsa.

Ka gaida Anti Kauthar da Ameera. Baba da Inna suna sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Nafeesa