Rigar Amihan Mai Ruwan Lemo

Mindoro, ƙasar Filifin, Talata

Ƙanwata Luningning,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki na asibitin Singafo. Mai kantin magani zai tura miki wannan ta injinsa na aika takarda, ta nan za ki ba ni amsa. Ning, ki nemi wuri ki zauna tukuna.

Amihan ta ɓata a kan dutse.

Tun da 'yar nan taki ta zo hutu ba ta zauna ba. Yau tana ƙarƙashin teku wajen kallon kifi, gobe tana ɗaukar hoton ɓaunar maƙwabci kamar ba ta taɓa ganin dabba ba. Na ce, "Ke, hutu kika zo ko neman ajali?" Ta ce, "Haba Tiya, can garinmu ko bene ba ma hawa da ƙafa." Ran Lahadi ta bi Mang Tibo ɗan jagora da wasu baƙi hawan dutsen. Suna saukowa gajimare ya rufe su, da ya yaye babu ita. Mazan gari suna can suna nema. Tsoro nake ji, Ning.

Yayarki,
Remedios

Singafo, Laraba

Ate Remedios,

Ina gaisuwa. Amana na ba ki! Ita ke nan gare ni, kin sani, kika bar ta ta hau dutse da damina? Ban samu jirgi ba sai Asabar. Na yi ta buga waya har aka yarda a tura jirgi mai saukar ungulu. Ki gaya musu rigar ruwanta mai ruwan lemo ce, mai ɗaukar ido, don irin wannan ranar na saya mata. Ita za su nema. Don Allah kar ki zauna kunna kyandir kina addu'a, ki tsaya a kansu.

Ki huta lafiya, in kin iya.
Luningning

Mindoro, Alhamis

Ning,

Na gaishe ki, faɗanki kuma na shanye, uwa ce ke. Jirgin ya yi ta shawagi har mai ya kusa ƙare masa, ko ƙyallin rigar ba su gani ba. Sun fara maganar rafi ya tafi da ita, in na matso sai su yi shiru.

Ɗazu ina shanya, na ɗago wata rigata a juye, sai wani abu ya faɗo mini a rai. Me mahaifiyarmu Inay, Allah ya ji ƙanta, take cewa mu yi in mutanen ɓoye sun juya mana hanya a daji? A tuɓe riga a sa ta a bai-bai, sai su daina gane mutum. Da kika kawo Amihan tana ƙarama, Inay ta yi mata haka a gonar kwakwa, tana ta ƙyalƙyala dariya. Yanzu tana yi wa camfinmu ba'a, amma wanda tsoro ya kama shi kaɗai a daji, abin kakarsa yake tunawa.

Na ruga wajen Mang Tibo. Ya ce, "Aling Remedios, 'yar jami'a ce fa." Na ce, "Kai da ka ɓata bara, ya ka dawo gida?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "A juye."

Wane launi ne shafin cikin rigar? Ina tsaye a kantin.

Remedios

Singafo, Alhamis

Ate,

Kore ne. Kore shar, kamar ganye. Wayyo Allah, Ate. Ki yafe mini maganganuna. Ki kunna kyandir ɗin.

Ƙanwarki,
Ning

Mindoro, Juma'a

Ƙanwata,

Gaisuwa da albishir: an same ta, da ranta.

Maza suka daina kallon nesa, suka bi kwazazzabai da ƙafa suna buga murfin tukunya. A ƙasan wani suka ji ta amsa, ƙafa a karye, matsattsaku sun sha jininta sun ƙoshi. Jirgin ya wuce ta kanta, tana gani. Na ce, "To me ya hana ki mayar da rigar daidai?" Ta ce, "Tiya, in na juya, mutanen ɓoyen ma za su gan ni."

Tana asibitin gari, an ɗaure ƙafar. Amma ba ta barci, kuma ta ƙanƙame rigar, ta hana kowa taɓawa, har ni. Ta ce sai kin zo kin cire mata da hannunki.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayarki,
Remedios