Gidan Jikoki Marayu

Fadaman Mada, Bauchi
3 ga Rajab

Zuwa ga Hamma Hammajoda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, ya dabbobi? Wayarka ba ta shiga a rugar nan, shi ya sa na ba direban motar nono wannan takarda.

An karanta wasiyyar surukina Alhaji Ɗanlarai. Gidan da muke ciki ya bar wa "jikokina marayu". Wallahi Hamma, ni ya kalla ranar da ya sa aka rubuta, ya ce don 'yata Lailatu da ƙannenta ya yi. To amma Saudatu, matar marigayi babban ɗansa, ta kai ƙara kotu. Ta ce 'ya'yanta ne kaɗai marayu, tunda ba wanda ya ga gawar mijina Muktar. Shekara biyar ke nan da ya ɗauki shanu a mota zuwa kudu, shiru. Tsoro nake ji, ba ni da inda zan kai yara uku.

Ƙanwarka,
Habibatu

Ruga, bayan Zungur
10 ga Rajab

Habibatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai rashin ciyawa.

Ke dai kin cika taurin kai tun kina ƙarama. Mutum ya shekara biyar ba saƙo, ba kira, har yanzu kina wanke masa riguna? Ki je gaban alƙali ki buɗe baki ki ce ya rasu. Kalma ɗaya ce. Mai rai ba ya barin 'ya'yansa haka. In kin ƙi, Saudatu ta kwashe gidan, kada ki zo min da kuka.

Allah Ya ba ki haƙuri.
Hammajoda

18 ga Rajab

Hamma,

Bayan gaisuwa. Kai ba ka san nauyin kalmar nan ba. Kullum na shiga kasuwar Muda Lawal sai na leƙa fuskar direbobi ɗaya bayan ɗaya, har sun gane ni. Kuma ban ga laifin Saudatu ba, ita ma huɗu take riƙe da su a ɗaki guda na haya. Amma na ji maganarka. Ranar Litinin za a zauna, zan faɗa.

Ka sa ni a addu'a.
Habibatu

25 ga Rajab

Hamma,

Na faɗa. A gaban mutane na ce mijina ya rasu, har sau biyu, don magatakarda bai ji na farko ba.

Alƙali ya saurare ni da mutunci. Ya ce abin da Alhaji ya faɗa min a ɗaki ba shi da shaida, rubutu za a bi. Maraya a wasiyyar nan shi ne wanda aka tabbatar ubansa ya riga Alhaji rasuwa, ni kuwa ba ni da ranar rasuwarsa, ba ni da kabari. Na ce to a ba yaran rabon ubansu na gadon Alhaji. Ya ce wannan ma ajiye shi za a yi, don ba a tabbatar yana raye ba sanda Alhaji ya cika.

An ba mu zuwa ƙarshen Sha'aban mu tashi. Ka share mana bukka ɗaya.

Lailatu ta ƙi haɗa kayanta. Ta ce in mun tafi, Baba ya dawo, wa zai gaya masa inda muke? Ba ta san abin da na faɗa a kotu ba, kai ma kada ka gaya mata.

Wassalam,
Habibatu