Takardar da Ke Hannun Adda

Tudun Wada, Kontagora
29 ga Disamba, 2024

Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ya aiki, ya sanyin can? 'Yarka Ruka tana gaishe ka. Haƙorinta na gaba ya fita, ta hana a jefa shi kan rufi, ta ɓoye a gwangwanin madara wai sai ka dawo ka gani.

Yau sati uku ban ji muryarka ba. Shi ya sa na koma sana'armu ta da, ta lokacin da kake makarantar jinya: in rubuta da biro, sai dai yanzu hoton takardar zan ɗauka in tura maka a waya. Duk saƙon da na aika yana nan da alama guda, bai isa ba.

Jiya Deborah, wadda kuka yi aiki tare a asibiti, ta shigo yi mini jaje. Na ɗauka maganar akuyarmu da ta ɓata take yi, har ina dariya. Ashe jajenka ne. A bakinta na ji cewa ƙungiyar agajin da ta ɗauke ka ba a Turkiyya ta ajiye ka ba. Kana cikin Siriya, a wani ƙaramin asibiti kusa da Manbij, inda dakarun da Kurdawa ke jagoranta suke ɓarin wuta da wasu ƙungiyoyi masu makamai. Da ta lura ban sani ba, baiwar Allah ta rasa inda za ta sa kanta. Ni na koma ba ta haƙuri, na raka ta har bakin ƙofa.

Ka tuna ranar da muka raka ka tasha? Ka ce aikinka a sito ne, ƙirga kwalayen magani, ko ƙarar tayar mota ba za ka ji ba. Na yarda, domin shekara takwas ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban zaci a tsakar gidana zai ƙure ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai tsoro ya fi fushin yawa. Ka yi mini magana, ko kalma ɗaya ce, faɗan kuma ma yi shi idan ka dawo.

Ka huta lafiya. Taka,
Khairat


14 ga Fabrairu, 2025

Maigidana,

Sallama da gaisuwa. Ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka da rai da lafiya. Mu dai da sauƙi.

Na zama 'yar rediyo. Ni da ba na wuce shirin gaishe-gaishe, yanzu na san sunan wata madatsar ruwa a kogin Furat da gadar da ake ta kashe juna a kanta. Yau a ce waɗannan sun ƙwace ƙauye, gobe a ce waɗancan sun karɓe. Na kasa gane su. Duk alƙibla ɗaya suke kallo, kuma an ce dukkansu azabar gwamnati ɗaya suka sha. A aji kuwa nakan tsaya da alli a hannu in manta abin da nake koyarwa. Yaron nan mai sunanka, da nake kira Mai Sunan Maigida tun da bakina bai taɓa iya furta sunan ba, shi ke tuna mini inda na tsaya.

Ranar Asabar na je rugarku ta Kaboji gaida yayarka Adda Bashira. Na ga tana ta kauce wa idona, ta dama fura ta manta ba ta sa nono ba. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka, ta buɗe akwatinta ta ciro takarda a cikin leda. Rubutunka ne, da sa hannun ƙaninka Yero a matsayin shaida. Ka rubuta cewa idan aka yi kwana casa'in a jere ban ji daga gare ka ba, ka sake ni saki ɗaya, don kada in zauna shekaru ina jiran wanda ya ɓata.

Kwanan watan da ke jiki na duba. Kwana biyu kafin tafiyarka ne, ranar da ka ce za ka je duba shanu. Ka dawo da yamma da kindirmo a jarka, ka ci tuwona har ka nemi ƙari, alhali ka baro sakina a akwatin yayarka. Adda ta sani, Yero ya sani, ni da abin ya shafa ce kawai bare.

Na kai wa limamin unguwa takardar. Ya ce magana ta tabbata, idan sharaɗi ya cika saki ya auku. Daga takwas ga Disamba nake ƙirge, saura kwana ashirin da biyu.

Adda ta ce tausayina ne ya sa ka yi. Wane irin tausayi ne ba a shawara da wanda ake tausaya wa? Da ka tambaye ni, da na ce maka zan jira, shekara huɗu ko goma, jirana ne ba na kowa ba.

Yanzu bari in ajiye kunya in gaya maka abin da na so ka gani da idonka. Ina da ciki, ya shiga wata na biyar. Na yi shiru da farko saboda ɓarin nan biyu da muka yi. Yana motsi sosai, musamman idan na sha kunun tsamiya.

Kalma ɗaya ta ishe mu. Ko gaisuwa ce, ta rushe takardar.

Matarka har yanzu,
Khairat


10 ga Maris, 2025

Baban Ruka,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya azumi? Ba sai na tambayi lafiyarka ba, na san kana raye, kuma na gode wa Allah.

Ranar Talatar da ta wuce, ina yanka kuɓewa da la'asar, na duba waya na ga alamomin nan sun zama biyu, sun yi shuɗi. Duka wasiƙuna ka buɗe. Na yi guɗa ni kaɗai kamar mahaukaciya, Ruka ta fita da gudu tana shaida wa maƙwabta Baba ya samu. Na ga an rubuta kana rubutu, sai ya tsaya. Ya sake, ya sake tsayawa. Na zauna riƙe da wayar har aka sha ruwa, miyar ta ƙone. Saura kwana huɗu a lokacin.

Washegari na aika a kira Yero. Da ya ga na ɗauko Alƙur'ani sai ya faɗi gaskiya. Ka kira shi sau biyu. Ka ce tun da kun ɗinke raunin mayaƙan Kurdawa, ɗaya ɓangaren sun sa sunayenku a takarda, duk shingen da kuka bi za a sauke ku. Ka ce ba ka ga hanyar fita ba, kuma ba za ka gudu ka bar majinyata ba. Sannan ka ce masa: "Kada ka gaya mata. A bar kwanakin su cika."

To, sun cika shekaranjiya.

Majinyatanka sun yi sa'a, ban ce ka bar su ba. Amma ka samu bakin yi wa Yero bayani, ni ka rasa. Ƙaryar farko na iya cewa tsoro ne, takardar ma in ce wauta ce irin ta maza. Wannan kuwa da idonka buɗe ka yi, bayan ka karanta maganar cikin. Ka yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san kana can kana ganin ka kyauta.

Liman ya ce iddar mai ciki sai ta haihu. Kafin nan, da kalma ɗaya za ka iya mayar da ni. Ba roƙo nake yi ba, na gama roƙo. Na faɗa maka ne don kada gobe ka ce ba ka sani ba.

Wassalam,
Khairat


6 ga Yuli, 2025

Assalamu alaikum,

Ina fatan kana lafiya. Yero ya ce faɗa ya lafa, an fito da ku ta Iraƙi, har kana shirin dawowa bayan damina. Barka da arziki.

Na sauka ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, namiji, Deborah ce ta karɓi haihuwar. Ko a ɗakin haihuwa wayar tana ƙarƙashin filona, sai da na ji kukansa na ce ta kashe ta. Yau aka yi suna. Babana ya raɗa masa Abdulmalik, Yero ya kawo rago daga ruga. Adda ta ce kunnuwanka ne sak.

Saƙonka ya shigo ranar Laraba, na gani. Ka ce ka mayar da ni, ka ce yanzu da ka tabbata za ka rayu kana da bakin magana. Ka makara da kwana uku. Ko liman bai faɗa ba, ni na sani. Ai lokacin da ba ka da tabbas ɗin ne nake matarka, a nan ya kamata ka neme ni.

Na kwashe kayana na koma gidanmu. Makullin gidanka yana wurin Adda, tare da takardarka da gwangwanin haƙorin Ruka. 'Ya'yanka naka ne, duk ranar da ka zo za a fito maka da su zaure.

Shekara takwas ban taɓa kiran sunanka ba, ko a bayan idonka. Yau babu abin da ya hana ni.

Ka sauka lafiya, Yusha'u.

Khairat