Wan Matata Ya Hana Ni Gareji Saboda Albarushi

Anti Sa'ida, don Allah ki raba mu da wan matata, Malam Boukari, kafin zumunci ya lalace. Tare muke farautar barewa, kuma a garejinsa da ke garin Pleasant Garden muke sake ɗura albarushi a kwanson harsasanmu. Shi mutum ne da ba ya auna albarushi sai ya buɗe wani ƙaton littafi, yana bin layi da yatsa kamar mai koyon baƙi. Ni kuwa akwai wani gwani da nake bi a intanet, mabiyansa dubbai, ya ce masu littattafan nan tsoron lauyoyi ne ke sa su rage awo. Na bi awon gwanin, na ɗan ƙara albarushi. A wajen gwaji sai kwanso ya maƙale, da ƙyar na buɗe bindigar, shi ke nan fa abin da ya faru. Amma Malam ya kwashe kayansa a gaban mutane, ya canja makullin gareji, ya kira Khairiyya, matata, ya ce kada ta bari na tafi daji da ɗanmu Yahya. Yanzu ko gaisuwata a masallaci da ƙyar yake amsawa. Mutum yana Amurka amma kansa na zamanin fitilar ƙwai! In sayi nawa injin ɗura harsashi in rabu da shi?

Maharbin McLeansville

Maharbi, na karanta wasiƙarka ina neman inda aka zalunce ka, ban gani ba. Kwanson da ya maƙale gargaɗi ne bindigar ta yi maka, a kusa da idonka, kai kuma ka kira shi "shi ke nan".

Gwanin naka, ka san sunansa na yanka? Ka san inda ya gwada abin da yake faɗa? Ranar da ƙarfe ya tashi a fuskarka, goge bidiyonsa zai yi, mabiyansa dubbai kuma ba wanda zai zo asibiti. Khairiyya ce za ta zo, da wannan Malam ɗin da kake yi wa dariya.

Kana da gaskiya a abu ɗaya: littafi ma yana tsufa, kuma ba duk abin da ke intanet ne shirme ba. Masu yin albarushi suna wallafa awon da suka gwada a shafukansu. Ku duba ko littafin Malam bugun yanzu ne, ku gwama da nasu. Shi ma bai kyauta ba da ya tozarta ka a gaban jama'a, amma da ni ce, makulli biyu zan sa.

Kada ka harba sauran harsasan nan, kada ka ba kowa. Kai bindigar wurin mai gyara ya duba ta. Sannan ka je gidan Malam ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi ku warware harsasan tare. Yahya ya zauna gida sai kawunsa ya yarda.

Allah ya tsare maka idanunka, ya daidaita tsakaninku.

Anti Sa'ida