Gas Marar Wari

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki? Tunda ma'aikatarku ta hana shiga da waya, ga takarda ta hannun direbanku. Inna lafiya lau, sai mitar kin yi mata nisa.

Albishirinki! Kin tuna farar hodar gwajin nan da kika bari a gwangwani a ɗakinki? Ke kika ce min ƙarfe kuke haɗawa da wani sinadari, su yi ramukan da ido ba ya gani, in gas ya ratsa ta kama wani iri ta saki wani. Na ce to mu ma masu cika tukunyar gas bari mu taɓa ilimin nan. Na ɗura ta a matacin bakin tiyo. Wallahi gas ya fito fes, ko ɗigon wari babu! Mata sai sa albarka suke yi. Ban yi boko ba, amma ga ni ina aikin dokta.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Wa alaikumus salam Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Don Allah kafin ka kai ƙarshen takardar nan, ka cire matacin.

Hodar don raba gas biyu masu kama da juna muka yi ta, wanda ake roba da shi da wanda ake girki. Amma tana kama wari fiye da komai. Gas ba shi da wari, Yaya, da gangan ake zuba masa don in tukunya na yoyo hanci ya ji kafin a ƙyasta ashana. Abin da ka tace ke nan.

Ka bi duk wanda ka cika wa, ka karɓo tukunyarsa. Ka fara da ta Inna. Sai mun gama gwaji za a bar ni in fito, kuma tun da na karanta na kasa zama wuri ɗaya.

Ƙanwarka

*

Auta,

Gaisuwa. Da farko haushi na ji, na ce yarinyar da na goya ce za ta koya min sana'ata? Duk da haka na shiga kicin ɗin Inna na shafa ruwan sabulu a wuyan tukunyarta. Auta, kumfa ta dinga tashi, ashe yoyo take yi. Ga Inna a tsaye da ashana a hannu tana tambaya ta me nake wankewa. Sai na zauna a ƙasa.

Tun ranar nake yawo gida gida da baro ina karɓo tukwane. Matar tela ta hana ni tata, wai na ga gas mai kyau zan kai wa masu hannu da shuni. Sai da na durƙusa mata. Mai shayi kuwa har yanzu dariya yake min.

Ki yi min addu'a.
Yayanki

*

Yaya,

Sannu da ƙoƙari, Allah Ya tsare gaba. Abu ɗaya nake so in ji: duka ka karɓo? Kada ka ɓoye min don hankalina ya kwanta, ba zai kwanta ba.

Ƙanwarka

*

Auta,

Ina gaishe ki. Saura ɗaya. Wata mata ce mai wucewa a mota, da yara biyu a baya. Ban san sunanta ba, ban san unguwarsu ba. Na daina sayar da gas, amma kullum ina buɗe shago in zauna a bakin titi ina duban motoci. Inna ta aiko in zo in ci abinci, na ce in na tashi matar ta wuce fa?

Allah Ya sada mu da alheri.
Yayanki